Gaisuwar Hajiya

Talata, da hantsi

Baban Jamila ya fita bayan sallar asuba. Ya tafi ɗauko Kawu Al'amin, ƙanin Inna mahaifiyarsa, daga ƙauyensu can bayan Gabi, ciwon ƙafar tsohon ya ƙi jin magani. Farar motar aiki ya ɗauka, wadda yake rabon magani da ita a likitocin ƙauye. Ƙungiyar da yake wa tuƙi ta hana bin hanyar nan da motarta, shi ya sani, ni ma na sani. Da na yi magana sai ya ce, to a bayan babur ɗin kabu-kabu za a ɗauko mutumin da ƙafarsa ke ruwa?

A bakin ƙofa ya miƙo mini salular aiki.

"Gobe da safe ki gaida mini Hajiya. Gobe kaɗai. Da la'asar ina gida."

Esther maƙwabciyata tana shara ta ji. Da ya tafi ta leƙo ta katanga, wai wace Hajiya ce wannan da ake bar mini sallahun gaisuwarta? Na yi dariya har na ƙware. Na ce ba mutum ba ce, na'ura ce ta bironsu, wato babban ofishinsu na Maradi. Ba wanda ya taɓa ganinta ido da ido, an ce ko akwati ba ta da shi, a iska take zaune. Kowace safiya ƙarfe bakwai tana aiko wa kowane direba saƙo. Ka danna ɗaya, ta yi maka addu'a ta ƙyale ka. Ka danna biyu, ko ka yi shiru har yamma, ta tada biro, su buɗe taswira su ga inda motarka take, don akwai wani ɗan akwati ƙarƙashin kujera da ke faɗa mata. In ba ta yi kuka ba, babu mai dubawa. Direbobin ne suka raɗa mata Hajiya, wai ta fi uwar miji son a gaishe ta.

Duk cikinsu wanda zai yi ɗan sha'anin gabansa, gida yake barin salular, don in ka matsa iyaka sai ta kama layin Najeriya, Hajiya kuwa ta gane. Matar gida ko abokin aiki ya amsa maka. Haka suke yi tun da aka kawo ta.

Na sayi karfasa wajen masunta a bakin tabki. Ƙanana ne yau.

Laraba, da safe

Ta aiko. "Barka da asuba, Shu'aibu. Kana lafiya, mota lafiya? Lafiya, danna 1. Matsala, danna 2."

Ji rashin kunya, gatsal take kiran sunan da ni ban taɓa kira a gabansa ba. Na danna ɗaya. Ta ce, "Madalla. Allah ya kiyaye hanya." Na ce amin, Hajiya, na ɗora manda ta suyar kifi a wuta.

Laraba, magariba

Bai dawo ba. Na rufe masa tuwonsa.

Alhamis, da safe

An kwana ana ruwa. Salularsa ta kansa a kashe take tun jiya.

Ya ce gobe kaɗai, na ji da kunnena. Amma wanda ya san hanyar Gabi da damina ya san mota kan kafe a taɓo ta kwana. In na yi shiru aka buɗe taswira aka gan shi inda aka hana, aikin ya tafi ke nan, a kan taɓo kawai. Ya dawo ya ce mini me? Na danna ɗaya.

Alhamis, bayan la'asar

Ɗan Baba ya zo. Shi ne babban direbobin ƙungiyar a nan Madarumfa, shi ya koya wa Baban Jamila tuƙi. Ya zauna kan turmi, ya ƙi tabarma.

"Maman Jamila, kin amsa yau?"

"Na amsa, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Ki ci gaba. Mu za mu nemo shi, muna da mutane a kowace tasha daga nan har iyaka. Maganin da zai raba kuma mun raba a tsakaninmu, biro ba za ta ga giɓi ba."

Na ce to in ba taɓo ba ne fa?

Ya kalli ƙasa. Ya ce in na taɓa biyun nan, ba mijina kaɗai za a kora ba. Za a tono na kowa, gidaje ne a kai. Ya ce in ba shi kwana biyu.

Inna tana ɗakinta tana jan carbi, ba ta fito ba. Ita ta aike shi.

Juma'a, da safe

Na danna ɗaya.

Asabar, da azahar

Ɗan Baba ya aika mutum ƙauyen. An ce sun taso tun Laraba da hantsi, an shimfiɗa wa Kawu katifa a bayan motar, har an ba su ɗanyar gyaɗa su kawo mana. Daga nan ba wanda ya sake ganinsu. Wani mai kabu-kabu ya ce ya ga sawun taya ya bar hanya ya shiga cikin hatsi, ya yi wajen daji. Hatsi ya fi mutum tsawo yanzu.

Ba wanda ya kira sunan abin. Ni ma ba zan rubuta shi ba.

Na fita tasha da kifi kamar kullum. Wata mata ta ce gishiri ya yi yawa, na ce ta je ta kamo nata a tabki. Ba halina ba ne. To, halina ne, amma ba da mai saye ba.

Lahadi, bayan la'asar

Hajiya ba ta san Lahadi ba. Na amsa mata.

Esther ta shigo daga majami'a da kayan adonta, ko canzawa ba ta yi ba. Ma'aikaciyar likita ce, ba ta iya kwana-kwana a magana ba.

"Zahara, ba ni salular nan."

"Ki yi me da ita?"

"In danna abin da kika kasa dannawa. Ke, akwati na cikin motar yana faɗin inda take, kuna zaune kuna aika masu kabu-kabu neman sawu? Wannan wane irin abu ne?"

Na ce ita albashinta na gwamnati ne, ba ta san abin da ake kira a kori mutum da damina ba. Ta ce korarre yana cin tuwo a gidansa. Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganar da ba ta dace ba game da mijinta. Ta tashi ta fita.

Da magariba ta aiko da miyar zogale ta katanga. Kunya ta kama ni, na karɓa.

Litinin, da safe

Ɗaya. "Madalla. Allah ya kiyaye hanya."

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: ina jiran saƙon nan. In na ga sunansa a rubuce, na ga an ce madalla, sai in ji kamar can wani wuri an rubuta cewa yana lafiya, kuma rubutun zai riƙe shi. Na san shirme ne. Na yi lakwal, karatun boko har kwalej, na san ni ce nake faɗa mata ita kuma ta maimaita mini.

Litinin, da yamma

Matan direbobi sun zo mini jaje su uku, Sa'adatu ce gaba, da kwanon dambu. Allah ya bayyana, Allah ya bayyana. Amma idon kowace yana kan salular da ke caji a taga. Da za su tafi Sa'adatu ta riƙe hannuna ta ce, "Ƴar'uwa, rufin asirinmu yana hannunki." Ƴaƴanta bakwai. Ban ji haushinta ba, wallahi. Dambun ne dai ban ci ba.

Talata, da safe

Yau bayan na danna sai ta ƙara wani saƙon. "Shu'aibu, ka amsa a kan lokaci duk wannan mako. Madalla da kai."

Tabɗi! Ashe har yabo take yi. Na yi dariya ni kaɗai a madafa, dariyar ta juye ta zama wani abu, Jamila ta shigo ta same ni da ludayi a hannu ta koma da baya.

Laraba, da hantsi

Kwana biyun Ɗan Baba sun daɗe da wucewa. Na je na same shi a tasha, yana ƙarƙashin motarsa. Na tsaya a kansa har ya fito.

"Baba, ina mutanenka na kowace tasha?"

Ya share hannu da tsumma. Ya rame, ban lura ba sai yau. Ya ja ni gefe ya rage murya.

"Ƴata, bar batun aiki, na yafe aikin. Ki saurare ni. Irin waɗannan mutanen, in sun riƙe mutum, kira suke yi. A yi magana, a daidaita, ya dawo. Amma in suka ji motocin jandarma, ba sa tsayawa da kaya mai nauyi. Kin gane? Shirunmu ne ke riƙe da shi."

Na ce ai ba su kira ba.

"Za su kira."

Na dawo gida. Da Esther ce ta yi gaskiya kaɗai, da abin ya zo da sauƙi. Amma maganar tsohon nan ma tana da ƙashi. In na danna biyu aka kashe shi saboda haka, da yatsana ke nan. In ban danna ba ya mutu yana jira, nan ma da yatsana. Ina tsoro, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Alhamis, da azahar

Yau ban amsa da safe ba. Na kife salular a ƙarƙashin ƙwarya na tafi bakin tabki. Ruwa ya cika har gindin itatuwa. Na sayi kifi, na fere, na wanke, na soya, ban taɓa ta ba.

Da rana ta take ta sake aikowa. "Shu'aibu, ba mu ji daga gare ka ba. Lafiya, danna 1. Matsala, danna 2." In na daure zuwa yamma, shi ke nan, ba sai na danna komai ba.

Sai ga Ɗan Baba a guje, hularsa a hannu. Ashe in direba ya yi shiru, tana sanar da babbansu tun da rana. Ya durƙusa a tsakar gidana, mutumin da ya girmi ubana. Ya ce an ba shi labarin wani da zai iya kai saƙo cikin dajin, in ba shi zuwa Asabar, don Allah, don Annabi.

Na danna ɗaya.

Ya ce in ba shi salular ya riƙe, ya hutar da ni. Na ce a'a, ni aka ba. Na ƙulle ta a haɓar zane.

Juma'a, da safe

Ɗaya.

Juma'a, bayan la'asar

Inna ta kira ni ɗakinta. Tun ranar da abin ya faru ba ta ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Koko kaɗai take sha.

"Zahara'u, abin nan da ke kuka a zanenki kullum safiya, me yake tambaya?"

Na faɗa mata.

"Ke kuma ki ce masa me?"

"In ce yana lafiya, Inna."

"Kin gan shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni na aike shi, ɗaukar wannan tawa ce, ni da Allah. Amma ɗana ba ya nan, ƙanina ba ya nan. Ki daina cewa suna nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta ci gaba da carbinta.

Asabar, da safe

Na danna biyu.

Ta ce, "An karɓa. Za a kira ka yanzu." Ban kai ga ajiye salular ba ta yi ƙara. Wata mata ce daga biro, ta ce Shu'aibu? Na ce matarsa ce. Na faɗa mata duka, daga Talatar farko, ban rage ba. Na ji tana kiran wani da Faransanci da ƙarfi. Ta dawo ta ce, "Madam, tun yaushe kika ce?" Na maimaita.

Kafin azahar motar jandarma tana ƙofar gida. Unguwa duk ta fito.

Asabar, magariba

Sun ga motar. Taswira ta nuna ta tun kafin su gama yi mini tambayoyi. Tana bakin daji, an kwance tayoyinta, an rufe ta da rassa. Matar biro ta ce tun Larabar farko take nan, ba ta motsa ba, akwatin yana ta faɗi kullum, ba a tambaye shi ba ne kawai.

Katifar Kawu tana baya, ruwa ya jiƙa ta. Gyaɗar har ta tsiro.

Lahadi

Ba saƙo yau. Sun karɓe salular. Ƙarfe bakwai na tsinci hannuna a haɓar zane.

Talata, da yamma

An dakatar da direbobin duka, an kawo wasu daga Maradi. Na haɗu da Sa'adatu a famfo, na gaishe ta, ta gyara tulunta ta wuce. Ɗan Baba bai zo ba, amma an ce kullum yana wajen jandarma, shi ke nuna musu hanyoyin shanu da ba su cikin taswira.

Sojoji sun shiga dajin. Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan. Maganar Ɗan Baba ta kaya mai nauyi ta ƙi fita daga kunnena.

Esther tana kwana wajena. Na ba ta haƙuri kan maganar mijinta, ta ce wace magana, gyara mini filo.

Laraba

Ba labari.

Alhamis

Ba labari. Ban soya kifi ba.

Juma'a, da hantsi

An same shi. Da rai! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Wasu manoma ne suka gan shi kwance cikin dawa wajen Gabi. An ce da sojoji suka matso, waɗancan sun watse, suka bar waɗanda ba sa iya gudu. An wuce da shi babbar likita, asibitin Maradi.

Shi kaɗai. Na tambayi Kawu, jandarman ya cire hularsa. Ni na shiga na faɗa wa Inna.

Asabar, da yamma, Maradi

Na gan shi. Ba zan rubuta yadda ƙafafunsa suke ba. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya yi barci yana riƙe da shi. Likita ya ce zai taka, sai dai a hankali.

Litinin, bayan azahar

Yau ya yi magana mai tsawo. Inna ta fita alwala, mu biyu ne. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara, yana kallon silin.

Ya ce Kawu ya yi ƙoƙari. Ƙafar ta kumbura har cinya, ba magani, ba komai, amma tsohon ya daure. Ya ce ranar da aka kai su cikin dajin ya raɗa masa, "Kawu, ka jure zuwa jibi. Zahara'u ce ke riƙe da salula, na ce mata rana ɗaya. Mace ce mai hankali, in ta ga ban dawo ba za ta yi shiru. Akwatin mota zai nuna musu, ba mu da nisa da ita."

"Kullum da hantsi sai ya tambaye ni, 'Ta yi shirun?' In ce ta yi, Kawu, suna hanya. Har ranar Alhamis ta biyu. Da safe ya tambaya, da azahar ya cika. Ni na haƙa masa da hannuna."

Alhamis ta biyu. Ranar ƙwarya.

Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Mutanen biron nan ba su da amana, Zahara'u. Sun ji shiru kwana da kwanaki, suka zauna. In na tashi sai na je na dubi idonsu."

Sunan Ɗan Baba yana bakina, in fake da shi. Sa'adatu da ƴaƴanta bakwai suna bakina, da taɓon hanyar Gabi, da kaya mai nauyi. Duk gaskiya ne. Amma ba su aka ba salular ba.

"Ba su ji shiru ba," na ce. "Kullum ina gaida ta. Sai Asabar ta biyu na daina."

 Ya mai da ido silin. Hannunsa yana cikin nawa, bai janye ba, ya dai daina riƙewa. Can ya ce, "To." Inna ta shigo da butarta, ya ce ta ba shi ruwa.

Talata, da safe

Na kai masa koko da zafinsa. Na ce, Baban Jamila, ina kwana, ya jiki?

Ya ce lafiya.

Na tsaya da kwanon a hannu ina jiran sauran maganar. Babu saura.